Ƙusa Mai Inci Huɗu

Ni na riga kowa gani. Kafin darakta, kafin yayanta, kafin uwar da ta haife ta, ni na san Auta tafiya za ta yi. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango zan wuce shi ba mu gaisa ba. Wannan ma da kuke karantawa, maƙwabcina mai shagon buga takardu ne yake rubutawa ina faɗa masa, na kuma gargaɗe shi kada ya yi min gyara. Amma idona, duk masu tabarau na garin nan ba wanda ya kama ƙafarsa.

Shekara talatin da huɗu na yi ina kafinta a gidan wasan kwaikwayo na bayan tasha. Duk katakon da ɗan wasa ya taɓa takawa a kan dandamalin nan, zartona ne ya yanka shi. Ni ne mai fenti, ni ne mai jan labule, in wuta ta ɗauke ni ake nema. Daraktoci biyar na yi zamani da su, dukansu masu digiri, kuma dukansu na raka su makwanci da ƙafafuna.

A cikin wasanninmu akwai wani tsoho wanda ya girmi kakanninmu, mai rubuta shi ya mutu tun ba a san mota ba. Duk shekara sai mun yi shi, duk shekara sai ɗakin ya cika. Labarin wani dattijo ne mara lafiya da 'yarsa guda da ta rage masa. 'Yan'uwanta sun watse, ita kuma jirgin ruwa yana jiranta a gaɓa, zai kai ta inda ranta yake so. A ƙarshen wasan, dattijon yana kwance, sai ta ɗauki jakarta ta lallaɓa ta je bakin ƙofa, ta ɗora hannu a kan mariƙi. Sai ya yi tari ya ce, "Wa ke nan?" Sai ta ce, "Ni ce, Baba. Iska nake rufe maka." Ta ajiye jaka. Ni kuma in saki labule.

To, tunda a wasan ba wanda yake fita ta ƙofar nan, kowa ta gefe yake shiga ya fita, ban taɓa yi mata ƙarfen juyawa ba. Falanki ne kawai na kafe a jikin firam, na shafa masa fenti ruwan ƙasa, na maƙala masa mariƙin tagulla. Daga benci na farko ma za ka rantse ƙofar gaske ce. Abin da yake bayanta wani siririn lungu ne mai ɓullewa titin tasha.

Auta a ƙarƙashin bencinan ɗakin nan ta yi rarrafe. Tana da shekara biyar take miƙo min ƙusa, tana da tara ta haddace wasan kaf, har in ɗan wasa ya manta maganarsa ita take raɗa masa daga bayan labule. Tana da sha tara aka ba ta matsayin 'yar dattijo. Na ga mata bakwai sun yi shi kafin ita, kuma ba don ni na haife ta ba, dukansu in aka tara ba su kai ɗan yatsanta ba.

Sai ciwo ya shigo mana gida. Maiɗakina, wadda yara suke ce wa Inna, tana shanya a igiya ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma wani irin gurnani. Ɗanmu babba yana can wani gari mai nisa da iyalinsa, yakan bugo waya wata-wata ya gaishe mu da murya mai daɗi. Saboda haka komai a kan Auta ya sauka. Sau uku a rana take juya uwarta don kada gyambo ya kama bayanta. Ita ce wanka, ita ce canza leda da zanin gado, ita ce ba da abinci cokali-cokali. Kuma ita kaɗai take gane maganar. Ni da na yi shekara arba'in da matar nan a ɗaki ɗaya, in ta yi gurnaninta sai in tsaya ina kallon Auta, ta ce min, "Taga take so a buɗe, Baba." Aikina shi ne riƙe roba da zubar da ruwa. Shekara uku muna haka.

A shekara ta ukun ne wata baƙuwa, doguwa mai furfura, ta zo ta zauna a bencin gaba sau uku a jere. Aka ce shugabar wata babbar ƙungiyar 'yan wasa ce a ƙetaren teku. Na ga ta tsayar da Auta a bakin ƙofa sun daɗe suna magana. Kowa ya ɗauka yabo ne. Ni dai na buɗe ido.

Bayan kwana biyu na dawo gida na tarar an taɓa min gwangwanayen fenti. Na shiga ɗakin Inna, sai ga kwalaben magani a jere a kan taga, kowace da ɗigon fenti a marfinta.

"Baba, zo ka gani," in ji Auta. "Mai ja na safe ne, ƙwaya ɗaya. Mai shuɗi na rana. Mai fari sai ta ci abinci."

"Ke ina za ki da za a ɗora min karatun likita?"

"Ba inda zan je. Kawai dai gara mutum biyu su sani."

Washegari ta koya min yadda ake naɗe zanin gado a tura shi ƙarƙashin mara lafiya. Jibinsa na tarar duk rigunana an sake ɗinke musu maɓalli, har waɗanda ba su tsinke ba. Mutumin da yake nan ba ya ɗinke maɓallin da bai tsinke ba. A ranar na sani.

Ni da Auta ba mu taɓa iya magana kai tsaye ba. Tun tana ƙarama da kayan aiki muke hira. In ta yi min laifi sai ta wasa min kurfi ta ajiye, in na huce sai in miƙa mata tef ta riƙe min awo. Shi ya sa ranar da ta same ni a bayan dandamali ina goge katako, saura kwana huɗu wasan ƙarshe na shekara, ban yi mamakin ta inda ta ɓullo ba.

Ta dafa ƙofar nan ta ce, "Baba, da za ka sa wa wannan ƙarfe, ta riƙa buɗuwa."

"A wasan ba a buɗe ta."

"Na sani."

"Darakta ne ya ce?"

"A'a."

"Kin san abin da yake bayanta?"

"Lungu ne. Yana fita titin tasha."

Na ci gaba da guga, ita kuma tana tsaye tana murza mariƙin tagulla da babban yatsa. Baƙuwar nan ranar wasan ƙarshe za ta tashi, kowa ya san haka. Ba ƙarfe yarinyar nan take roƙo ba. Izinina take nema, kuma ba ta da bakin da za ta nema da shi sai wannan.

Na ce, "Sai na duba katakon, ko zai ɗauka."

Ya ɗauka. Washegari na ɓamɓare falankin, na feƙe gefensa, na sa masa ƙarfe uku na tagulla waɗanda na daɗe ina ɓoyo, na ɗiga musu mai. Ƙofar da na yi ran nan, da ɗan yatsa za ka taɓa ta ta buɗe, ko ƙara babu. Tela, wanda yake fitowa a dattijo mara lafiya, ɗinki yake yi da rana, ya kuma iya tarin ƙarya har 'yan kallo sukan aiko masa da magani, ya zo wucewa ya shaƙi iska.

"Kafinta, yau ƙofar taka ƙamshin mai take yi. Aure za ka yi mata?"

"Kai dai ji da tarinka. Shekara ashirin kana mutuwa a gadon nan, har yau ka ƙi cikawa mu huta."

Da Auta ta zo, ta tura ƙofar sau ɗaya, ta mayar. Ta durƙusa ta tattara min sukurorin da suka zube a ƙasa, ta zuba min a tafin hannu, ta riƙe hannun nawa kaɗan kafin ta saki. Ina faɗa muku da zuciya ɗaya na sa ƙarfen nan. Wanda ya ce da munafunci na sa shi, bai san ni ba.

Ana gobe wasa, da rana, Auta tana wajen gwaji, na ce bari in gwada kaina. Na shiga ɗakin Inna na ce mata, "Tsohuwa, yau ni ne likitanki." Na naɗe zani yadda aka koya min, na cusa hannu ƙarƙashin kafaɗarta, na ja. Ni da na taɓa ɗaukar ginshiƙin rufi ni kaɗai in hau tsani da shi. Amma jikin da ya shanye ba katako ba ne, ba ya tsayawa inda ka ajiye shi. Ta sulale daga hannuna ta faɗa tsakanin gado da bango, kafaɗata ta yi wata ƙara, hannun ya mutu. Na ja, na tura, na roƙi Allah, na zagi gadon da ni na ƙera shi. Ta ƙi ɗaguwa. Zaninta ya yaye, ta jiƙa kanta, tana kallona da ido ɗaya mai motsi tana wannan gurnani, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Na kawo ruwa, ta kau da kai. Na kawo matashi, ta ƙara kuka. Har yau ban san abin da ta ce ba.

Sai da na fita titi na kira matar mai gyaran keke da ƙanwarta suka ɗaga ta. Na roƙe su kada su gaya wa Auta. Suka yi min alkawari, suna kallon ƙasa don kada su ga fuskata.

Ranar wasa ɗakin ya cika tun kafin la'asar, mutum ɗari huɗu, har da na tsaye a jikin bango. Baƙuwa tana bencin gaba, motarta a titin tasha, direba a ciki. 'Yan wasa suna ɗakin shiri suna shafe-shafensu. Na shiga lungun nan ni kaɗai. Na zaɓi ƙusa mai inci huɗu, na kafa ta a kusurwar sama, a karkace, yadda za ta ratsa ƙofa ta kama firam. Da hannun hagu na buga, don na dama ya ƙi ɗaguwa. Bugu uku ta nutse.

Aka fara wasa. Ban taɓa ganin Auta ta yi kamar na ranar ba, maganar tana fita daga bakinta kamar yanzu take ƙirƙiro ta. Da aka zo ƙarshe ta sunkuya ta ɗauki jaka, sai na ga kafaɗarta ta rinjaya. Jakar wasa ni na cusa mata tsumma, jariri ma zai ɗaga ta. Wannan tata ce ta gaske, da kayanta a ciki.

Igiyar labule a bakin lungun take, don haka ina tsaye daf da bayan ƙofar. Kaurin falanki ɗaya ne tsakanina da 'yata. Na ji takunta. Na ji mariƙi ya juya. Na ji ta tura.

Ta sake turawa. Sannan ta sa kafaɗa, har firam ɗin ya girgiza, ƙura ta zubo min a ka. Aikina ne, na san ba zai ba da kai ba.

Tela ya yi tarinsa ya ce, "Wa ke nan?"

Shiru. Ina jin numfashinta ta tsagin katako. Mutum ɗari huɗu, ko motsin benci babu. Tela ya ɗauka ta manta ne, ya ƙara tari, ya maimaita, "Wa ke nan?"

Duk matan da suka yi wasan nan, a nan sukan juya su dubi gadon dattijo. Auta ba ta juya ba. Ta jingina goshinta da ƙofar, daidai saitin fuskata, ta ce a hankali, amma har na bayan ɗaki sun ji, "Ni ce, Baba."

Sannan ta ƙarasa: "Iska nake rufe maka."

Na ji jaka ta dira a ƙasa. Na saki labule.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Manyan mutane da gemunsu suna share hawaye da hannun riga. Darakta ya rugo bayan dandamali yana cewa wannan tura ƙofa da ta yi, a duk karatunsa bai taɓa ganin wanda ya fahimci wasan haka ba. Baƙuwa ta zo ta rungume ta, ta ce mota tana jira. Auta ta ce mata ta gode, amma akwai mara lafiya a gida, lokacin juya ta ya yi. Ta wanke fuska, ta ɗauki jakarta, ta fita ta babbar ƙofa tare da kowa. Kafin in isa gida har ta canza zanin gado.

Na san abin da za ku ce, don an sha faɗa min. Gidan wasan yana da ƙofofi huɗu ban da waccan, kuma ban ɗaure mata ƙafa ba. Haka ne. Da ta so, da ta bi baƙuwar ta babbar ƙofa, ba mai tare ta. Na daɗe ina kare kaina da wannan magana, a shago, a wajen aski, a duk inda aka tayar. Amma ni da ita mun san ba haka abin yake ba. Ta tambaye ni, na ce e, sannan na koma ta baya na ce a'a.

Inna ta ƙara shekara goma sha ɗaya, kuma ko gyambo ɗaya bai taɓa fito mata ba. Likitan da yake zuwa dubiya ya ce bai taɓa ganin haka ba. Auta ta ƙara yin wasan shekara biyu. Darakta yana ta roƙonta ta sake tura ƙofa kamar na ran nan, ita kuwa sai ta taɓa mariƙi kawai ta juyo. Daga baya ta ce gwaji yana cin lokacin Inna, ta daina. Masu neman aurenta mutum uku ne, kowanne ya zo ya ga ɗakin, ya shaƙi warin magani, ya yi sallama da ladabi. Gidan wasan aka sayar, yanzu tayoyin mota ake jibgewa a ciki. Tela ya rasu, kuma da tarin gaske ya zo masa, sai da ya yi wata biyu kafin iyalinsa su yarda.

Bayan mun binne Inna da kwana tara, 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, yayanta ya koma garinsa, na tarar da Auta a tsakar gida tana wanke ledar gadon da ba mai sake kwanciya a kai. Na zauna a kan bencin yanka katako.

Na ce, "Auta, yanzu ai sai ki nemi baƙuwar nan."

Ta yi 'yar dariya ba ta ɗago ba. "Baba ke nan. Ta rasu shekara shida da suka wuce. Kuma wa zai ɗauki mai shekara talatin da takwas ta fito a 'yar dattijo? Sai dai in fito a dattijon."

"Akwai abin da ban gaya miki ba. Ƙofar nan..."

"Na ji," in ji ta. "Ina ɗakin shiri ina sa kwalli. Bugu uku. Duk garin nan ba mai nutsar da ƙusa inci huɗu da bugu uku sai kai."

Gaskiya ta faɗa, babu. Kuma da hannun hagu. Amma ran nan ban ji daɗin yabon ba.

"To da kin ji, me ya sa kika ɗauki jakar? Me ya sa kika tura?"

Ta matse ledar, ta yarfe ruwan, ta rataye ta a igiya. Sannan ta ce, "Na ce ko a wani wurin ka buga."

Ba mu sake tayar da maganar ba. Yau shekara goma sha uku ke nan.

Yanzu shekarata tamanin da bakwai. Haƙorana goma sha tara suna nan, ina tafiya ba sanda, sa'o'ina duk na binne su. Auta tana aiki a gidan wanki da guga na bakin kasuwa, daga safe zuwa yamma a tsaye, tururi ya dusashe mata murya. Ta dawo ta dafa min, ta shafa min mai a kafaɗar da ba ta sake komawa daidai ba, ta tambaye ni ko ina son a buɗe taga. Ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Da ta zage ni sau ɗaya, da na fi samun barci.

Kwanaki na kai mata abinci wurin aiki, na tarar wani mai ƙaton ciki yana yi mata tsawa a kan kwalar riga, yana ce mata ke matar nan ba ki san komai ba. Ta ce masa ya yi haƙuri, ta sake gogewa. Na ce masa, "Kai, ka san wadda kake wa magana? Wannan ta taɓa sa mutum ɗari huɗu kuka da kalma uku." Ya dube ni, ya dube ta, ya yi dariya. Ita kuma ta ce, "Baba, je ka gida, rana ta yi zafi."

To ni ban yi dariya ba. Wanda yake shakkar cewa mai goge masa riga ta fi duk wata 'yar wasa da ta taɓa hawa dandamali a ƙasar nan, ya zo ya faɗa a gabana. Wanda kuma yake bugun ƙirji cewa da shi ne da ya bar ƙofar nan a buɗe, ya fara zuwa ya ɗaga matarsa daga tsakanin gado da bango da hannu ɗaya, ya kuma gaya min abin da take cewa, sannan ya zo mu zauna. Gidana ba ɓoyayye ba ne, kowa a layin ya san Kafinta. Sai dai ya zo da rana, lokacin da take wurin aiki. Ba na so a yi maganar a kunnenta.